Tukunya Ɗaya Muke Ci: Zamana da Hawan Jini da Ciwon Suga

An haife ni a shekarar 1976 a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, lokacin da yankinmu yake cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Mahaifina manomi ne, mahaifiyata kuwa tana yin daddawa da ƙuli-ƙuli tana ɗora wa yara talla. Abincin da na tashi da shi bai wuce tuwon dawa ko na gero da miyar kuka da dare ba, da safe a ɗumama abin da ya kwana ko a dama koko, da rana a sha fura. Shinkafa ta ranar Sallah ce, sukari kuwa sai an yi baƙon kunya ko wani ya kwanta ciwo. Ina da wayo lokacin farin 1984, kuma na ga yadda aka riƙa tsakurar hatsi a gidanmu, ana cika cikin yara da kwaɗon tafasa da rama har damina ta kewayo. Wannan shekara ta bar wa tsararmu wani tunani da ba mu taɓa zama mun bincika ba, wato ganye abincin yunwa ne, farin abinci da maiƙo da zaƙi kuwa su ne shaidar cewa Allah ya buɗa wa gida.

Bayan na gama makarantar horon malamai aka yi mini aure a wani gari da ba shi da nisa da namu, kuma a can na fara koyarwa a firamare, aikin da nake yi har yau. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma da aka haɗa shi da abin da maigida yake samu a gona da ɗan kasuwancin hatsinsa, ya ishe mu sauya abin da muke ɗorawa a wuta. Shayi mai kauri da burodi ya maye gurbin ɗumame, shinkafa da taliya suka zama abincin rana, dunƙule ya kori daddawar da na tashi ina taya mahaifiyata shanyawa. Ina jefa dunƙule shida ko bakwai a tukunyar miya, in ƙara farin magi, in ɗebo gishiri da hannu ba awo, kuma duk wanda ya ci sai ya yaba. Jikina ya buɗe, mata suka riƙa cewa aure ya karɓe ni, ni ma ina jin daɗin maganar. Da tafiya ta yi tafiya maigida ya ƙara aure, mahaifiyarsa ta dawo hannunmu bayan rasuwar mijinta, gida ya cika da yara, namu da na riƙo. Girki kwana bibbiyu muke yi ni da abokiyar zamana, kuma tukunya ɗaya ce take ciyar da kowa, daga tsohuwa har yaron da aka yaye jiya.

A 2017 mahaifiyata ta faɗi a tsakar gida tana cikin tankaɗe, aka ɗauke ta ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Na nemi izini a wurin aiki na koma gida jinyarta. Har yanzu idan na rufe ido ina ganin yadda nake ɗura mata kunu da cokali yana zubowa ta gefen baki, tana kallona tana so ta yi magana harshe ya ƙi juyawa, hannun nan da ya shekara yana dunƙula daddawa yana yashe a kan tabarma sai na ɗaga shi na gyara masa kwanciya. Likita ya ce jininta ya daɗe da hawa ba wanda ya sani, domin hawan jini yakan zauna a jikin mutum shekaru ba tare da ya sa shi wani ciwon da zai kai shi asibiti ba. Ba ta ga kakar da ta biyo baya ba. Allah ya jiƙanta, ya kyautata namu zuwan.

A 2019 nawa jikin ya fara magana. Ƙishirwa ta hana ni sakat, ina tashi fitsari sau da yawa cikin dare, idan na tsaya a gaban allo sai rubutun ya riƙa yi mini dishi-dishi, tafin ƙafata yana zafi ko da sanyin asuba. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce basir ne, domin a wajenmu babu ciwon da ba a jingina wa basir. Da na je asibiti aka auna ni, jinina ya kai 170 bisa 100, sukarin jinina kafin in karya ya haura 11. Aka yi mini bayani cewa daga 140 bisa 90 ake kiran abin hawan jini, kuma sukarin da ya kai 7 ga wanda bai ci komai ba tun dare alama ce ta ciwon suga. Aka maimaita awon a wata rana, ya tabbata. Likitan ya rubuta mini metformin, wato ƙwayar maganin suga, da maganin hawan jini, ya ce in daina shan zaƙi, in rage gishiri, in rage tuwo da shinkafa, in yawaita ganye. Ban ga laifinsa ba da ya taƙaita, domin layin da ke bayana ya kai har bakin ƙofa. Na fito riƙe da takarda, zuciyata ba ta ganin komai sai tabarmar mahaifiyata, ina lissafin wacce a cikin 'ya'yana za ta riƙa juya ni, alhali ƙaramarsu ko firamare ba ta gama ba.

Kafin mako ya zagayo, duk wanda ya shigo duba ni ya zama likita. Wannan ta ce kada in sake kusantar tuwon dawa sai na alkama, waccan ta ce acha kaɗai mai suga yake ci, wani ɗan'uwan maigida ya aiko da jarkar jiƙo mai ɗacin da ko ambatonsa ba na so. Tsoro ya sa na ɗauki dukkan maganganun lokaci guda. Na kafa ɗan murhuna a gefen ɗakina, na sa aka sayo mini acha daga Kano, ga shi ba a noma ta a ƙasarmu, daga wajen Filato da kudancin Kaduna ake kawo ta, kuɗin mudu ɗaya sai ya sayi gero mai yawa. Ina dafa miya ba gishiri ko ƙwaya ɗaya, ba mai, in zauna ni kaɗai in tura ta da ƙyar, yara suna can suna cin tuwonsu ana hira. Cikin dare yunwa ta tashe ni in zauna ina jin ƙamshin ɗumamen da aka rufe a madafa. Na rame, idanuna suka faɗa, albashina yana ƙarewa kafin tsakiyar wata.

Abin da ya fi ramar ciwo shi ne abin da murhun nan ya jawo tsakanina da abokiyar zamana. Wanda bai zauna a gidan mata biyu ba ba zai gane nauyin a ce uwargida ta daina cin girkin amarya ba. Ni na san ciwo ne ya sa, amma a bakin rijiya da gidan suna ba haka aka fassara shi ba. Aka fara raɗe-raɗin cewa ina zargin an zuba mini wani abu ne, har maganar ta kai kunnen iyayenta. Yarinyar da muka shekara muna raba goro ɗaya ta koma gaishe ni daga nesa, ranar girkinta ta aiko yaro ya ajiye kwanona a ƙofar ɗaki, ya dawo ya ɗauke shi kamar yadda ya kawo. Maigida ya rasa ta inda zai kama, surukata kuwa ta kira ni ta ce, “Ke 'yar nan, ciwo daga Allah yake, amma raba tukunya raba gida ne.” Na ce, “Inna, ku yi haƙuri, umarnin asibiti ne.” Na koma ɗaki na yi kuka, domin ina ganin an ba ni zaɓi tsakanin lafiyata da zaman lafiyar gidana. Da kuɗin acha suka gagara sai tsarin ya rushe da kansa, na koma cin duk abin da aka dafa kamar da, kuma awon da aka yi mini bayan haka ya fi na farko muni.

Mafita ta zo ta hannun wata jami'ar lafiya, dattijuwa, da ke aiki a ƙaramin asibitin garin da ke kusa da mu, inda nake zuwa awon jini saboda ya fi sauƙin kuɗin mota. Ta dubi katina ta dube ni, ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni wa yake girki a gidanmu, mutum nawa ne suke ci, me ke cikin rumbu, me na ci jiya tun daga safe har na kwanta. Ina faɗa tana rubutawa a bayan wata tsohuwar takarda. Da na gama ta ce, “Malama, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ba zan ce ki daina tuwo ba, domin na san ba za ki daina ba, ni ma ban daina ba. Ki dubi takardar nan ki zaɓi abu ɗaya tak da za ki iya canzawa ba tare da kin kashe ko sisi ba, kuma ba tare da kin nemi izinin kowa ba. Shi kaɗai za ki riƙe har ki dawo.” Na ji abin ya yi mini ƙanƙanta ƙwarai idan aka gwada shi da girman tsoron da ke cikina, har na ce mata anya wannan zai yi wani tasiri. Ta ce wanda ya fi shi girma ai na gwada na gani.

Na zaɓi sukari, domin shi ne kowa yake zuba nasa a kofinsa. Ta nuna mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum mai lafiya, wato kusan ƙaramin cokali 12, kuma tsayawa a rabin haka ya fi. Da muka ƙirga nawa, na koko da na shayi da na fura da na zoɓon da nake saya a makaranta, sai ga shi na zarce abin da aka yarje wa mai lafiya ma, ban da lemon kwalba, wanda babbar roba ɗaya take iya cinye wannan adadin gaba ɗaya. Ban yanke shi lokaci guda ba. Koko mai cokali uku ya koma biyu, na zauna a haka har bakina ya daina neman na ukun, sannan na sauko ɗaya, daga baya na koma shansa da tsaminsa da ɗan yajin citta. Zuma da mazarƙwaila, waɗanda aka yi ta ba ni shawarar in koma musu, ta gargaɗe ni cewa su ma suna ɗaga sukarin jini. Ranar da na koma na ce mata na riƙe alkawari, na ji wani ƙarfin zuciya da rabona da shi tun kafin rasuwar mahaifiyata, ba don awon ya sauka sosai ba, sai don na gane cewa akwai wani ɓangare na ciwon nan da ke hannuna.

Gishiri ya fi wuya, domin a tukunyar kowa yake, kuma rabin kwanakin ba ni ke riƙe da ludayi ba. Dole na je ɗakin abokiyar zamana da kaina bayan sallar isha, na zauna a bakin gadonta na ba ta labarin yadda mahaifiyata ta ƙare da abin da nake gudu. Ta yi shiru, can ta ce, “Yaya, ashe dama ba girkina kike gudu ba?” Ashe ita ma mahaifinta yana fama da hawan jini. A daren muka shirya abin da za mu yi ba tare da mun gaya wa kowa ba. Muka samo ƙaramin gwangwanin tumatir muka wanke, muka riƙa zuba gishirin da muka saba amfani da shi a yini a ciki don mu ga iyakarsa, na sa ƙusa na ja layi a daidai inda ya tsaya. Duk mai girki da safe za ta cika zuwa layin, kuma abin da ke ciki shi ne na yinin, da na rana da na dare. Bayan ɗan lokaci sai in ja sabon layi ƙasa kaɗan da na farko. Ma'aunin da Hukumar ta bayar shi ne ƙasa da giram 5 a yini ga babban mutum, kusan ƙaramin cokali guda, yara kuma ƙasa da haka, kuma wannan ya haɗa da gishirin da ke ɓoye a burodi da dunƙule, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Layukan gwangwanin suka yi ta sauka, babu wanda ya ce uffan, domin harshe yana sabawa idan ba a girgiza shi ba.

Sau ɗaya aka kama mu, ranar da muka zare dunƙule da yawa a tashi guda. Surukata ta kai loma ta ajiye, ta ce, “Yau kuma miyar 'yan asibiti aka yi mana?” Washegari muka mayar da guda, muka bi shi a hankali kamar yadda muka bi gishiri, muna cike gurbin da daddawa mai kyau, da albasa da tafarnuwa da citta, da garin busasshen kifi idan an samo daga kasuwar Gujungu. Na koma yin daddawa da hannuna irin yadda na gani a gidanmu, in dafa kalwa ta kwana a wuta, in surfe in wanke in rufe ta ta ruɓa. Wata rana tsohuwar nan da kanta ta ce miyar kukar ta tuna mata da ta gidan mahaifinta. Kanwa ma muka rage, domin ita ma 'yar'uwar gishiri ce wajen ɗaga jini. Maimakon a jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, sai mu jiƙa shi tun dare, wanda hakan ya rage mana cin itace.

Daga nan na koma kan ganye. An ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa ake so mutum ya ci a yini, amma ni ba ni da sikeli, kuma da na ɗauki wannan adadi a matsayin buri da na karaya tun a makon farko. Abin da na ɗora wa kaina shi ne kada rana ta faɗi ba a ci wani ganye ko ɗan itace a gidan ba, ko da sau ɗaya ne. Na dasa zogale a inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, na watsa irin alayyahu da yakuwa a bayan ɗaki. Da damina, lokacin da rama da lalo da tafasa suke ko'ina ba mai saye, mukan tsinko da yawa mu shanya a inuwa don kada rana ta ƙone korensu, mu ɗura a buhu mu rataye saboda bazara. Da hunturu kayan lambun fadama suna araha, sai mu koma kan kabeji da karas da salak da tumatir. Yara na mayar da kuɗin alawarsu kan gwaiba da yalo da goruba. Babban ɗana ya taɓa ce mini, “Umma, kwaɗo kullum, ai sai abokaina su ce mun talauce.” Na ji maganar har cikin raina, domin tunanin da na taso da shi ne ya fito daga bakin yaron da bai taɓa ganin fari ba. Abin dariyar shi ne, zogalen da yake jin kunya shi ne mutanen birnin Kano suke saye a ƙulle a leda da kuɗinsu.

A nan ya kamata in faɗi wata magana a fili. Zogale abinci ne mai amfani, amma bai warkar da ni ba, kuma ban ga wanda ya warkar daga ciwon suga ba. Masu lasifika a kasuwanni suna sayar da garin da suke rantsuwa zai kori suga cikin mako guda, kuma na san wata mata a ƙauyen da ke gaba da mu da ta ajiye maganin asibiti saboda irin wannan alkawari, ƙaramin miki a yatsa ya kai ta ga rasa ƙafa. Duk gyaran tukunyar da nake bayani a kai, tare da ƙwayoyina nake yin sa.

Tuwo na bari a ƙarshe saboda na san shi ne zai fi ba ni wahala. Mun saba ni da abokiyar zamana mu ci a kwano ɗaya, kuma mai ci a kwanon tarayya ba ya sanin iyakar abin da ya shiga cikinsa. Sai na nemi ƙaramin kwano nawa, amma daga tukunyar kowa, kuma a kan tabarmar da muka saba zama. Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, daga baya ɗaya, miya kuwa na ninka ta, kuma idan akwai kwaɗo shi nake fara ci. Ranar shinkafa da wake muka riƙa ƙara wake muna rage shinkafa har suka kusa zuwa kai ɗaya. Hatsin tuwo muka daina surfa shi fes, muna barin wani abu na dusarsa, domin ita take sa abinci ya daɗe yana narkewa, sukari bai hau jini da gaggawa ba. Tuwon ya ɗan yi duhu, maigida ya yi magana sau ɗaya, na karanta masa hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ya yi dariya ya ce hadisin bai ambaci dusa ba, amma ya ci gaba da ci.

Sai ga ambaliyar 2022. Kogin Haɗejiya ya cika ya batse, ƙasar Ringim tana cikin wuraren da abin ya fi shafa. Gonarmu ta gero da wake ta nutse ana dab da girbi, katangar gidanmu ta zube, buhunan ganyen da muka shanya suka jiƙe suka ruɓe, zogalena ya mutu a tsaye. Muka koma zama a ajin makarantar da nake koyarwa tare da wasu iyalai. A irin wannan hali ba a zaɓen abinci, abin da aka kawo na taimako shi ake ci, shinkafa da taliya da garin masara, kuma mun gode wa waɗanda suka kawo. Sukarina ya sake hawa, ƙafata ta koma zafi. Na kwanta a kan bencin ɗalibaina ina jin cewa duk abin da na gina ruwa ya tafi da shi tare da katanga. Abin da ya hana ni sakin komai shi ne tambayar dattijuwar nan, wadda na sake yi wa kaina: a cikin wannan ajin, me ya rage a hannuna wanda ba ya bukatar kuɗi ko izini? Abu biyu na samu, kada in zuba sukari a komai, kuma kada in tsallake magani. Su na riƙe har ruwa ya janye muka koma gida muka fara tayar da bango.

Ba mu gama farfaɗowa ba aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sannan aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, farashin komai ya tashi, har da magani. Idan na ji ana cewa a rediyo mai suga ya riƙa cin ƙwai da kifi da nama marar kitse kullum, nakan yi murmushi kawai, domin maganar gaskiya ce amma ba da gidan malamar firamare a ƙauye ake yi ba. A wannan tsadar ne na lura cewa matakan da suka tsaya da ƙafarsu a gidanmu su ne na ragewa, ragin sukari da dunƙule da lemon kwalba, domin su kuɗi suke mayarwa aljihu. Abin da muka daina kashewa a kansu shi nake tarawa in sayi wake da kaka lokacin da yake da sauƙi, in adana shi a jarka mai murfi saboda ƙwari.

Biki da azumi su ne wuraren da har yanzu nake taka-tsantsan. A gidan biki ba na mayar da hannun kyauta baya, nakan karɓi lemon in ajiye a gefena in nemi ruwa, in ci kaɗan daga abin da aka zuba, wanda ya matsa in ce masa ina da suga, domin na daina ɓoyewa. Azumin farko bayan gano ciwon likita ya hana ni yi, malamin unguwarmu kuma ya tabbatar mini da rangwamen da Allah ya yi wa marar lafiya. Daga baya, da awona ya daidaita, aka gyara mini lokutan shan magani nake yi. Ina buɗe baki da dabino ɗaya ko biyu da ruwa, kunun tsamiyata ana ɗibar mini kafin a zuba sukari, ƙosai kuwa ina ƙirga shi, kuma a nan ne nake yawan shan kaye.

Yau ban warke ba, kuma an gaya mini ciwon na zama ne. Amma jinina yakan tsaya a wajen 130 bisa 80, sukarin safe ya fi yawa tsakanin 6 da 7, ina ganin rubutun allo, ina kwana ba tare da yawan tashi ba. Maigida, wanda da ƙyar muka shawo kansa ya yarda aka auna shi, an samu nasa jinin ya fara hawa, kuma ya tarar an riga an gyara masa tukunya bai sani ba. Man soye-soye shi ne abin da muke kai yanzu ni da abokiyar zamana, mun koma auna shi da ludayi maimakon tuttulawa daga kwalba.

A watan jiya babbar 'yata ta zo gida wankan jego na haihuwar fari, sai maganar kunun kanwa ta taso. Ni na sha shi a kowace haihuwa, kofi bayan kofi har a yi arba'in, kamar yadda uwata da kakata suka sha. Amma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu suna danganta yawan shan kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego, ga shi kuma yarinyar an ce mata jininta ya ɗan hau a ƙarshen cikin. Surukata, wadda yanzu ta ga tattaɓa-kunnenta, ta ce ba a taɓa jego ba kanwa a zuriyarsu ba, kuma ba a kan jikarta za a fara ba. Ban yi musu da ita ba. Na ce, “Inna, ku za ku riƙa jefa kanwar da hannunku, ni dai zan riƙa gutsuro muku.” Ta yarda da haka. Gutsuren da nake ba ta bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kunun kuma sau ɗaya ake damawa da safe, sauran yinin mai jego tana shan kunun gyaɗa da romo da miyar ganye. Ranar Laraba za mu kai ta awon jini tare da rigakafin jaririn.